Tayar tsohon babur: wacce za ka ɗauko daga Magazin?

Babur ɗin da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa, yana hannun ƙanena yanzu. Ƙirar CG125 ne, mai rim 18 na waya, birkinsa gaba da baya duk na dram. Da shi yake kai ɗinki Alabar da Kejetia, da shi yake kai yara makaranta a Asawase, wani lokaci kuma ya kama hanyar Ejura wurin dangin matarsa. Injin lafiyarsa lau, bugu ɗaya yake tashi. Kwanakin baya ya same ni a gida nan Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, ya ce tayar baya ta suɗe, zai shiga Suame Magazin, babbar kasuwar kayan gyaran mota da babur, ya sayo wata. Na ce ya dakata mu tafi tare. Kafin mu fita na tsuguna a gaban moton, kamar yadda muke kiransa a nan, na shafa tayar gaba wadda shi bai ma ambata ba.

"Yaya, ai wannan ba ta ci ba, dubi zanenta," in ji shi.

Zanen kam yana nan. Amma da na danna farce a jikin robar sai na ji ta ƙandare kamar ƙaho, a cikin kwarin zanen kuma ga ƙananan tsaga kamar faso a dunduniya. Lambar da ke gefenta ta nuna shekararta 9. Ya fito da niyyar taya ɗaya, muka dawo da biyu da tiyub biyu.

Tsohon babur ya fi sabo dogara da taya. Sababbin da ake shigowa da su wasu suna da birkin faranti a gaba, shokansu kuma da sauran ƙarfi. Naka tsohon, in ka matse birki ƙafar ta ƙulle, babu abin da zai tsaya maka sai ɗan wurin nan da roba ta taɓa ƙasa, wanda bai fi tafin hannun yaro ba. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a ƙafar gaba yake, domin nauyi gaba yake komawa in an taka birki. Ita ta baya, tunda ita ke turawa kuma ita ke ɗaukar kaya, tana cinyewa da wuri, kusan sau biyu kafin ta gaba ta cinye sau ɗaya, saboda haka ido na ganinta ana canza ta. Ta gaba kuwa tsufa ke kashe ta tana da zanenta. In ta baya ta zame, sau da yawa mutum yakan iya tarowa. In ta gaba ta zame, kafin ka ce Innalillahi kana ƙasa.

Kafin a yi maganar suna ko kuɗi, sai an san lamba. A gefen taya za ka ga rubutu kamar 2.75-18 ko 3.00-18. Na farkon faɗin taya ne da inci, na ƙarshen girman rim. Akwai kuma wani salon rubutun, kamar 90/90-18: faɗi milimita 90, tsayin gefe kashi 90 cikin 100 na faɗin, rim inci 18. Ita 90/90 ana ɗaukarta a madadin 3.00, amma kusa ne kawai, takan ɗan fi faɗi. Yawancin masu ƙirar CG suna cin 2.75-18 a gaba da 3.00-18 a baya. Boxer rim 17 ne. Yamaha AG200 irin na ma'aikatan gona rim 21 ne a gaba, 18 a baya. Taya 17 ba ta hawa rim 18, ta 18 ba ta zama a rim 17. Kada ka dogara da abin da ke kan babur ɗin yanzu, domin tsohon babur ya bi hannaye, wataƙila wani ya riga ya sa masa abin da ba nasa ba. Dubi takardar da ke manne a murfin sarƙa in ba ta goge ba, ko ka tambayi bakanike wanda ya daɗe da irin babur ɗin. A jikin rim ma akwai rubutu, kamar 1.60 ko 1.85, faɗinsa ke nan da inci.

Wannan faɗin rim shi ne amsar abin da samari ke so, wato a sa wa babur ƙatuwar taya a baya don ya yi cika ido. Ƙanena ma ya ɗaga wata 3.50 yana jujjuyawa. In ka cusa faffaɗar taya a siririn rim, gefunan sai su matse ciki, bayan ya tsuke ya yi tsini, wurin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru yadda kake zato ba, tsakiyar kuma ita kaɗai ke cin wuya. Ga nauyi da ya ƙaru a kan injin 125, wanda za ka ji shi a hawan tudu kuma ka ji shi a gidan mai. Sannan takan riƙa gogar murfin sarƙa ko ƙarfen birki, musamman in an yi goyo shoka ya zauna. Hawa mataki ɗaya, daga 3.00 zuwa 3.25, wani rim ɗin yakan ɗauka in akwai sarari. Fiye da haka ban yarda ba.

Lamba ta biyu ita ce ta haihuwa. Nemi lambobi 4 a cikin ɗan zagaye mai siffar ƙwai, galibi a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. In lambobin 3 ne kacal, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ka ajiye masa abarsa. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Zafi da hasken rana da iska suna busar da ita, ta yi tauri, ta daina kama kwalta. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya in ta kai shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta bai taɓu ba. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, wato L.I. 2180, a sashe na 62 ta fi haka tsauri: ta sa iyakar shekara 4 daga ranar da aka yi taya, ta kuma ce zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6. Mu da tayarmu ke shan rana tun tana rataye a bakin shago, ina ganin tsaurin ya dace da mu. Ni ba na ɗaukar wadda ta haura shekara 2 a shago, in son samu ne ma ta bana ko ta bara.

Matsalar ita ce sabuwar tayar babur a naɗe take zuwa da leda mai ƙyalli, lambar kuma tana ƙarƙashi. Ka ce a yage wurin ka gani. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Wanda ya ce sai ka biya kafin a buɗe, Magazin da faɗi, ka yi gaba.

A shagon da muka tsaya, Alhajin mai shagon ya jera mana kashi huɗu a ƙasa, duk lamba ɗaya, farashi kuwa kowacce da gidanta.

Ta farko homyus ce, wadda aka yi amfani da ita a waje aka kawo. Ba na zargin wanda ya saya, na san abin da ake nufi da a ce babur shi ne abinci, taya ta fashe tsakiyar wata, ga kuɗin makaranta. Wani lokacin ma sunan da ke jikinta babba ne, zanen kuma da saura. Amma ka tambayi kanka me ya sa mai ita ya rabu da ita. Ko ta tsufa, ko an yi tafiya da ita babu iska zaren cikinta ya karye, ko ta daki wani abu. Duk waɗannan daga waje ba a ganinsu. Akwai kuma wadda ta suɗe aka bi ta da wuƙa aka sake yanka mata zane, robar da ta rage tsakanin kwalta da zare ba ta kai kaurin fata ba. Ana gane ta da cewa kwarin zanen ba ya tafiya daidai, kuma ɗan tudun nan na gwajin cinyewa da ke cikin kwarin, wanda ake nuna wurinsa da TWI ko ƙaramin kibiya a gefe, ya ɓace. Wasu homyus ɗin kuma na manyan babura ne, masu harafin R a lambarsu, an yi su don faffaɗan rim na zamani, ba su da haɗi da siririn rim na waya. In dole ta kama, a baya kaɗai, bayan ka karanta shekararta ka zura hannu ka shafa cikinta zagaye ba ka ji faci ko kumburi ko zare a tashe ba, kuma da niyyar ta kai ka ƙarshen wata. A gaba, ko kyauta aka ba ni ba na so.

Ta biyu sabuwa ce dal mai araha, sunanta ban taɓa ji ba, kuma na san in na dawo bayan wata shida wani sunan zan tarar. Mutane sukan ce "ta Sin ce" su yanke hukunci, amma ba adalci ba ne. A ƙasar Sin ana yin taya mai kyau, manyan kamfanoni ma suna da masana'antu a can. Abin tsoro shi ne tayar da ba ta da uban da za a kama. Irin wannan, a abin da na gani, gida biyu take kasuwa. Akwai mai taurin roba kamar bokiti, wadda za ta daɗe ba ta cinye ba, mai ita yana yabonta, sai ranar da aka yi ruwa ya zo shataletale. Akwai kuma mai laushi marar kauri, tana kama ƙasa da kyau amma kafin damina ta fita ta suɗe, ƙusa kuma ba ta yi mata sallama. Ka ɗauke ta a hannu ɗaya, ka ɗauki mai suna a ɗaya hannun, bambancin nauyi zai gaya maka inda aka rage. Matsa gefenta da yatsa, in ya lotsa kamar tiyub, ba za ta ɗauki goyo ba. Dubi bakinta da ke kama rim, ya zama zagaye sumul babu karkacewa. In babu lambar shekara, babu lambar nauyi, to wanda ya yi ta bai yi maka alkawarin komai ba. Duk da haka, sabuwa mai araha wadda ta ci wannan gwajin ta fi mini homyus ta shekara 7.

Ta uku ita ce ta tsakiya, kuma a nan nake ganin yawancinmu ya kamata mu tsaya. MRF da CEAT da TVS Eurogrip daga Indiya suke. Kenda da Duro da CST kamfanonin Taiwan ne, CST ɗin gida ɗaya suke da Maxxis. Vee Rubber ta Tailan ce, IRC asalinta Japan. Abin da ya sa nake girmama na Indiya shi ne ƙasarsu cike take da ƙananan babura masu injin 100 zuwa 150, ana goyo, ana ɗaukar kaya, ga ramuka, ga ruwan damina mai ƙarfi, ga zafi. Wanda ya yi taya don wannan rayuwar kamar don mu ya yi. A hannuna na Indiya sun fi jure kaya da daɗewa, na Taiwan da Tailan kuma na fi jin daɗin laushinsu a kwalta, amma wannan ɗanɗanona ne, kuma kowane kamfani yana da samfuri fiye da ɗaya. Illar wannan gidan ita ce jabu. Sunan da ya karɓu shi ake kwaikwaya. Ta gaske rubutunta fes yake, harafi bai cinye harafi ba, cikinta sumul. In an sa maka farashin da ya yi kusa da na marar suna, kada ka yi murna.

Ta huɗu ita ce ta manya, irin su Michelin da Pirelli. Suna yin taya don ƙananan babura, Michelin na da City Pro da City Extra, Pirelli na da City Demon. Inda suke nuna kuɗinsu shi ne jiƙaƙƙiyar kwalta. Wanda yake bisa babur tun asuba har isha, kullum, rani da damina, in ya iya sa ɗaya a gaba bai yi asara ba. Amma babur ɗin da ba ya wuce gida, shago, masallaci, tayar za ta tsufa da rabin zanenta, ya biya kuɗin tafiyar da bai yi ba. Kuma taya mai tsada a kan rim da ya karkace, da shokan da ya mutu, da boris mai wasa, ɓarna ce. Za ta ci gefe ɗaya ko ta yi tudu da kwari kamar kowace taya. A tsohon babur, in kuɗin bai isa duka ba, gara ta tsakiya da gyaran ƙafa.

Lissafin da na yi wa ƙanena a tsaye shi ne kada ya auna kuɗin yau, ya auna kuɗin wata. A ce ta araha rabin kuɗin ta tsakiya ce, amma ta yi rabin kwananta. To kuɗin robar ya zo ɗaya, sai dai ka biya kuɗin ɗauri sau biyu, tiyub sau biyu, ga faci a tsakani, ga yinin da ka rasa kana tura babur daga Anloga zuwa gida.

Duk lokacin da na tsaya cinikin taya sai na tuna ana noman roba a Yankin Yamma na ƙasar nan, kuma an taɓa yin taya a Bonsa kusa da Tarkwa, masana'antar da kamfanin Firestone ya gudanar tun ƙarshen shekarun 1960. Ta daɗe a rufe. Yanzu duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, shi ya sa farashinta ke bin dala, in sidi, kuɗin Ghana, ya yi rauni mai babur ya ji a jikinsa. Don haka ban rubuta farashi a nan ba, ka zaga shago uku ka ji na ranar.

Sai zane, kuma a nan gardama ta fi zafi. Mai layi-layi a tsaye, irin wadda tsofaffin babura ke zuwa da ita a gaba, tana tafiya ɗoɗar, kan babur yana da sauƙin juyawa, ba ta ƙara, ba ta shan mai. A kwalta ba ta da laifi, amma a jan laka ba ta da abin da za ta kama da shi. Mai zanen titi, wadda kwarinta ke gangarowa gefe kamar ƙayar kifi, ita ta fi korar ruwa daga ƙarƙashinta, kuma ita ta fi roba a ƙasa in an kwanta a kwana. Mai manyan haƙora, irin ta shiga gona, a laka da yashi babu kamarta, sai dai a kwalta haƙoran kaɗai ke taɓa ƙasa, suna lanƙwasa in ka taka birki, tana kuka, tana saurin cinyewa, a jiƙaƙƙen titi kuma ita ce mafi santsi. Tsakaninsu akwai mai gutsi-gutsi a haɗe, haƙoran gajeru kuma kusa da juna.

Wacce za ka ɗauka? Ka tuna tafiyarka ta mako guda, ba ta ranar salla ba. Da yawa sukan sayi mai manyan haƙora saboda ƙauyen da suke zuwa sau biyu a shekara, sannan su yi sauran kwanakin suna zamewa a Sofoline. Kumasi damina biyu gare ta, babbar daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan shekara yana kaiwa wajen milimita 1,400. Wato wata da yawa a jiƙe titi yake. Mafi haɗari kuma shi ne ruwan farko bayan hunturu, lokacin da ƙurar wata uku ta haɗu da baƙin man da tirotiro, wato motocin haya, da manyan motoci suka ɗiga, titi ya zama kamar an zuba miyar kuɓewa. Wanda tafiyarsa Adum, Kejetia, Tafo, Asafo ce, zanen titi gaba da baya. Wanda gidansa ke can sababbin unguwanni inda kwalta ta ƙare, ko yake ratsa lungunan zango da ruwa ya zaizaye, mai gutsi-gutsi a baya za ta fitar da shi, ya bar ta titi ko mai ɗan gutsi a gaba. Mai manyan haƙora sai wanda yawancin tafiyarsa a hanyar gona take. Wasu tayoyin an rubuta musu gaba ko baya a jiki, a bi abin da aka rubuta.

Akwai wasu lambobin da kusan babu mai karantawa, alhali su ne suka shafi mai goyo. Bayan lambar girma za ka ga kamar 47P ko 52P. Harafin gudu ne: L kilomita 120 a awa, P kilomita 150, duka sun ishi tsohon 125. Lambar kuwa nauyi ce: 42 kilo 150, 47 kilo 175, 48 kilo 180, 52 kilo 200. Mu lissafa. Babur ɗin kansa wajen kilo 115 ne. A ce kai 75, uwargida 70, ga buhun shinkafa na kilo 25 a kariya. Jimla 285, kuma kusan kashi biyu cikin uku a ƙafar baya yake, wato wajen 190. Mai 47 ta riga ta wuce iyakarta, mai 52 tana ciki da kyar. Taya in aka ɗora mata fiye da ƙarfinta gefenta yana lanƙwasa da yawa, ya yi zafi, zaren ya gaji, wata rana ta fashe babu ƙusa babu kwalba.

Wannan shi ne abin da masu shago ke nufi da 4PR da 6PR da 8PR. Ba ƙidayar shimfiɗar zare ba ce kai tsaye, ma'aunin ƙarfin jikin taya ne. Mai 6PR ta fi ɗaukar kaya, ta fi jure ƙusa da bakin rami. Kuɗinta shi ne ta fi tauri, tsohon shoka kuma ba zai ɓoye maka ba, bayanka zai sani. Ga mai goyo da kaya, 6PR a baya. A gaba 4PR ta isa, laushinta ma alheri ne. Mai 8PR sai wanda babur ɗinsa ya zama jakin kasuwa, mai ɗauko doya da masara.

Maganar tiyub da marar tiyub kuwa rim ne ke yanke ta. A jikin taya za ka ga TT, mai tiyub, ko TL, marar tiyub. Marar tiyub tana da falala babba: in ƙusa ta shige ta, ƙusar kan toshe ramin, iska ta riƙa fita a hankali har ka kai wurin mai faci. Tiyub kuwa in ya huje yakan sace nan take, a gudu kuma abin tsoro ne. Amma rim na waya yana da rami a gindin kowace waya, ba zai riƙe iska ba. Kana iya sa tayar TL a kansa ka zura mata tiyub, ana yi, sai dai falalar ta tafi, tiyub ɗin ne dai ke riƙe da iskar. Abin da ba a yi sam shi ne a hau tayar TT babu tiyub. Wasu sukan canza rim gaba ɗaya zuwa na alminiyam don su huta da faci. Ga mai yawo a kwalta akwai hikima a ciki, in an tabbatar rim ɗin na marar tiyub ne, domin ba kowane na alminiyam ba ne haka. Sai dai rim na waya in ya daki rami ya karkace ana ɗaure wayoyinsa ya miƙe, na alminiyam kuwa yakan lotsa ko ya tsage. Ga babur da ya tsufa kuma yake shiga hanyar ƙasa, na bar shi da wayarsa.

A wurin tiyub ne na ga mutane suna zubar da duk abin da suka saya. Mutum ya biya kuɗin taya mai kyau, sannan ya ce a mayar masa da tsohon tiyub mai faci huɗu. Tsohon tiyub ya riga ya buɗe, in ya shiga sabuwar taya sai ya ninke, wurin ninkin kuma nan zai tsage. Sabuwar taya, sabon tiyub, mai lamba daidai da ita. Iri biyu ne: akwai na robar butil da ke riƙe iska ya daɗe, akwai na robar itace da ya fi naɗewa da miƙewa, ba ya saurin yagewa, amma yana son a riƙa ƙara masa iska. Mai yawo cikin gari butil mai kauri ya ishe shi. Akwai kuma ɗan zoben roba da ke kwance cikin rim yana rufe kawunan wayoyi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma in ya tsinke kan waya zai riƙa huda tiyub daga ciki, ka yi ta zargin ƙusa. A tsohon rim sai an kankare tsatsa kafin a ɗaura.

Mu dai abin da muka ɗauka shi ne ta tsakiya gaba da baya, duka 'yan bara: 2.75-18 mai zanen titi a gaba, 3.00-18 mai gutsi-gutsi 6PR a baya saboda goyo da hanyar Ejura. Da kuɗin bai kai biyu ba, da na ce a sa mai kyau a gaba, a sa sabuwa mai araha wadda ta ci gwaji a baya, a canza ta in hali ya samu.

Wurin ɗauri muka tsaya a kai. Dattijon mai facin ya juya ƙafar gaba a hannu ya nuna mana tana rawa, ya ɗaure wayoyi uku da suka saki. Ya bi kibiyar da ke nuna inda taya ke juyawa, ya ɗan hura tiyub kafin ya zura don kada ƙarfe ya cije shi, ya tabbatar bawul ya tsaya a miƙe, layin da ke gefen taya kuma ya fito daidai da bakin rim zagaye. Da yaronsa ya matsa tayar da yatsa ya ce ta yi, sai ya ce masa, "Kawo geji," wato ma'aunin iska. Irin wannan babur yawanci wajen fam 25 na iska yake so a gaba, 28 a baya, in da goyo 32. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake bugawa ba. Ana aunawa da safe kafin taya ta yi zafi, mako-mako. Ƙarancin iska yana cinye gefe, yana sa tiyub ya cije a bakin rami, yawanta kuma yana cinye tsakiya ya rage kamu.

"Baba, zan iya kama hanyar Ejura gobe?" ƙanena ya tambaye shi.

"Ka iya, ɗana, amma sabuwar taya da santsi take fitowa. Kilomita 100 na farko ka bi ta a hankali, kada ka kwanta a kwana, kada ka matse birki da ƙarfi. Gangaren Mampong kuma ka sauko da babur a cikin giya."

Da za mu tafi, yaron ya jingine tsohuwar tayar gaban a gefe ya ce a bar masa, tunda zanenta na da kyau wani zai saya. Na karɓi wuƙa a hannun dattijon na tsaga gefenta har zare ya fito, sannan na miƙa masa na ce ya kai wa masu yin takalmi.